Buhu Uku na Ƙasar Ɗanlami

Kwana huɗu ke nan rabonmu da ganin rana. Marka ta zauna a Samaru, katanga ta sha ruwa har ta yi gansakuka, wanki yana tsami a kan igiya. A irin wannan lokaci ba na iya zama wuri ɗaya. Da gari ya waye sai in zagaya bayan kicin, wurin rijiya, in riƙa juya ganyen ɓaurena ɗaya bayan ɗaya ina duba bayansa. Jikokina suna yi mini dariya, wai likita ta fito zagayen marasa lafiya. Ina barinsu su yi, don ba a haife su ba lokacin da na koyi wannan dube-duben.

Shekaranjiya ina cikin haka aka yi sallama. Hajara ce, matar Malam Ɗanlami, ta rame ta tsufa, da ƙyar na gane ta. Ta zo da kwano rufe da faifai, dabino da goro a ciki. Bayan mun gaisa ta sunkuyar da kai ta ce Malam yana kwance, ƙafafu sun kumbura, shi ya aiko ta ta roƙa masa gafara a wurina. Na shimfiɗa mata tabarma a rumfa, na karɓi kwanon na shiga ɗaki. Na daɗe a tsaye da shi a hannu, don daminar shekara ashirin da 'yan kai da suka wuce ta dawo mini gaba ɗayanta.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin lambu ne. Da ya yi ritaya sai ya koma sana'ar dashen itatuwa a gida. Bayan gidanmu akwai ɓaure bakwai, ba irin na daji mai cike da ƙwari ba, na lambu ne, wanda Larabawa ke kira tini, ja a ciki, mai zaƙi kamar an ɗiga masa zuma. Shida suna jere a filin baya, ɗaya kuma tana can ita kaɗai a bakin rijiya, ita ya fara shukawa shekarar da aka kawo ni gidan. Daga rassansu yake yankar dashe ya sa a leda, idan ruwa ya sauka ya sayar wa masu lambun bakin titi da 'yan kasuwar Sabon Gari. Da wannan muke ci, da shi yara biyar ke zuwa makaranta. A unguwa ba a kirana da sunana Asabe, sai dai matar mai ɓaure, kuma ina jin daɗin sunan.

Malam maigidana ya rasu cikin sanyi, shekarar da wayar salula ta fara yawa a gari, ana biyan kuɗi a yi kira a ƙarƙashin lema. Na shiga takaba. Matsalar ita ce lokacin cika leda yana faɗowa ne a tsakiyar bazara, ni kuwa ba halin fita. Malam kan je bakin rafi da kansa ya zaɓo ƙasa, ya murza ta a hannu, ya shinshina, kafin a loda. Ni ko ƙofar gida ba na leƙawa.

A nan Malam Ɗanlami ya shigo. Aminin Malam ne tun suna samari, yana da lambun dashe a bakin titin Palladan. Dogon mutum ne mai haƙorin Makka, yatsansa manuni na hagu ya guntule tun wani tsohon hatsari da adda. Shi ya fi kowa kuka ranar jana'iza. Bayan sadakar arba'in ya zo ya tsaya a zaure ya ce, "Maman Sadiya, itatuwan nan suna son aski, kar su lalace. Bari in rage miki aiki." Ya aske su tas, ya ɗaure rassan ya tafi da su, wai zai zubar. Bayan sati biyu sai ga shi da a-kori-kura ɗauke da buhu goma sha biyu na ƙasa, baƙa wuluk, kowane buhu an ɗaure bakinsa da jar wayar lantarki, ɗaurin da shi kaɗai ke yin irinsa saboda guntun yatsan nan. Ya sa aka jere su a zaure a gaban mutanen unguwa. Liman da kansa ya sa masa albarka. Ni ina bayan labule ina share hawaye, ina cewa ashe har yanzu akwai amana a duniya.

Zafin bazarar nan ba zan manta shi ba. Kwanon rufi yana ƙara da rana, ruwan randa kamar an ɗora shi a wuta. Maƙwabciyata Inna Kulu da wasu mata biyu da ke zuwa taya ni zaman takaba su suka taya ni aikin. Mukan zauna a inuwar katanga bayan la'asar, ɗaya tana huda leda da ƙusa, ɗaya tana cikawa, ni ina yankar reshe da wuƙar Malam ina sokawa. Ƙasar tana da kyau a ido, ba tsakuwa, ba saiwa. Har Inna Kulu ta ce wannan ƙasa ko tsinke aka soka mata sai ya yi ganye. Da muka gama da ledoji, sai na sa aka zuba wa itatuwa shida na filin baya, kowacce na kewaye gindinta da ita. Ta bakin rijiya ce kawai ban zuba wa ba, don Malam ya hana a kai taki ko baƙuwar ƙasa kusa da ruwan da muke sha, kuma ko bayan ransa ban iya karya masa doka ba. Buhu uku suka rage a zaure, ba a ko kwance su ba.

Dashen ya kama. Ina ba su ruwa a gindi da gwangwanin madara, safe da yamma. Ranar da na fita takaba ganye ya rufe ledojin, kore shar. Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, na yi wanka na ɗaura zane mai kyau, na shiga motar Sabon Gari da dashe a baho biyu. Cikin sati uku na sayar da fiye da rabi. Na sayo masara da manja da takalman makaranta, na ce a raina Malam bai bar mu a wulaƙance ba.

Sai marka ta zo, irin ta wannan satin. Wata safiya na ga wani ɗigo a bayan ganye, kamar an ɗiga mai a takarda. Washegari ya zama ruwan ƙasa, da rawaya kewaye da shi. Kafin Juma'a ta zagayo ɗigon ya haɗe da 'yan'uwansa, ganye ya yi baƙi ya saki. Daga na ƙasa yake farawa ya hau sama. Ina share ganye da safe, kafin azahar wani ya zubo. 'Ya'yan da suka fara nuna a manyan itatuwan suka yanƙwane suka faɗi, filin baya ya ɗauki wani wari kamar na jiƙaƙƙen tsumma. Na zuba toka, na fesa ruwan darbejiya, na karɓo rubutu na yayyafa. Ko gezau.

Waɗanda suka sayi dashena suka fara dawowa da shi. Wata mai sayar da fulawar ado a kasuwar Sabon Gari, wadda ta shekara goma tana ciniki da Malam, ta zube mini ledoji a ƙafa a gaban jama'a, ta ce in kwashe gawarwakina. Masu lambun bakin titi suka daina amsa gaisuwata da kyau. Sunan matar mai ɓaure ya koma matar da ta kashe ɓaure. Wannan ya fi mini ciwo a kan yunwa, kuma yunwar ma mun sha ta. Watan Agusta ne, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Faten tsaki muke yi da yakuwa, ba mai, ba gyaɗa, sau ɗaya a wuni. Da dare yara su jiƙa garin kwaki da gishiri. Sadiya, autata, ta taɓa tambayata ko ɓauren ma takaba suke yi wa Baba.

Malam Ɗanlami ya zo jaje. Ya tsaya daga bakin ƙofar filin baya, bai taka ciki ba, ya riƙa girgiza kai. "Ruwa kika cika musu, Maman Sadiya. Sana'an nan ba na mata ba ne, hannu yake so." Da zai fita ya roƙi buta, ya wanke takalmansa na roba ciki da waje a ƙofar gida, har yana goga su da tsinke. Na ɗauka tsabta ce. Daga baya labari ya iso ni cewa abin da yake faɗa wa kowa ke nan a bakin titi, cewa hannuna ne ba kyau. Lambunsa kuwa ya cika da dashen ɓaure lafiyayye, duk masu nema sun koma wurinsa.

Wadda ta buɗe mini ido ita ce Maman Emeka. 'Yar Ibo ce haifaffiyar Sabon Gari, Hausarta ta fi ta wasu Hausawan, tana aiki a ɗakin gwajin cututtukan shuka a nan Samaru. Duk shekara takan biyo ta sayi 'ya'yan ɓaure idan ta tashi daga aiki. Da ta zo ta ga filin, sai ta ajiye jakarta ta tsuguna, ta tsinki ganye huɗu ta sa a ambulan, ta ɗebi ƙasa daga gindin itace da kuma cikin leda. Ta ce in same ta a gida ranar Lahadi ta sama, bayan an taso daga coci.

Na je cikin yayyafi, kwatocin Sabon Gari sun cika sun tumbatsa. Ta zaunar da ni a falo, ta ba ni shayi mai zafi da burodi, na ci ina jin kunyar yadda nake ci.

Ta ce, "Maman Sadiya, ba hannunki ba ne, ba kuma ruwa ba ne. Ƙwayan cuta ne, ido ba ya gani. A cikin ƙasa yake zama. Da rani yana kwance shiru. In ruwan sama ya bugi ƙasa ya fantsama a ganye, shi ke nan ya samu hanya. Ina kika samo ƙasan nan?"

Na ce kyauta aka kawo mini.

Ta ce, "Abin mamaki, sau biyu ke nan ina ganin irin shi. Ƙarshen daminan bara wani mai lambu ya kawo mana ganye haka. Ni na duba. Na ce mashi ya ƙona dashen, ƙasan kuma ya haƙa rami mai zurfi ya binne, kar ya bari ko cokali ɗaya ya je wani lambu. Har na rubuta mashi a takarda."

Na ajiye kofin. Na ce, "Wane iri ne mutumin?"

"Dogo haka, da haƙorin Makka. Da ya miƙo ganyen na ga yatsa ɗaya babu."

Ban yi kuka ba. Na tuna rassan da ya aske ya tafi da su kafin ya kawo ƙasar, na tuna lambunsa cike da 'ya'yan itatuwan Malam, na tuna takalman da ya wanke a ƙofata. Daga Sabon Gari har Samaru ban san yadda na zo ba. Abin da na sani shi ne tun daga wannan rana na daina roƙon Allah ya ba ni haƙuri, na koma roƙon ya ba ni Ɗanlami a hannu. Ba zan ɓoye ba, a sujada nake kiran sunansa.

Maman Emeka ta ce a sare itatuwan shida daga ƙasa a ƙona, a kankare ƙasar gindinsu a binne. Na samo mai faskare. Ni na riƙe masa igiya. Ɗanyen ɓaure ba ya son wuta, farin ruwansa yana tsiyaya, hayaƙi ya cika unguwa kwana biyu, sai da na ƙarar da kananzir ɗin fitilarmu. Inna Kulu da matan nan da suka taya ni cikawa su suka taya ni kankarewa, muna kwasa da kwanon sarki muna kai wa rami, ruwa yana dukanmu. Itatuwan sun sake tohowa, tohon ya fito da ɗigo, dole aka tone su har saiwa. Ta bakin rijiya ce kaɗai ta tsira, katangar kicin ta tsare ta, dokar Malam ta tsare ta.

Inna Kulu ta ce a haɗa da buhu ukun nan na zaure a binne. Na ce a'a, waɗannan suna da mai su.

Ta dube ni ta ce, "Asabe, kar ki je ki zuba mashi a ɓoye. Lambunshi na manne da na mutane, ba su ci miki komai ba."

Na ce, "Inna, wa ya ce miki a ɓoye zan yi? A gaban mutane ya kawo, a gaban mutane zan mayar."

Na jira ranar Asabar da hantsi, lokacin da masu motoci ke tsayawa sayen dashe, masu lambu duk suna nan. Na sayar da tunkiyar da ta rage mana na ɗauki hayar a-kori-kura. Na ɗaura zanen da na fita takaba da shi. Muka tsaya daidai gaban lambun Ɗanlami, inda ya tara sabuwar ƙasarsa tsibi guda, ga ledojin ɓaure a jere suna sheƙi. Baba Audu, dattijon da masu lambun layin suka ɗauka shugaba, yana zaune a benci yana cin gyaɗa. Na durƙusa na gaishe shi, na ɗaga murya yadda na kusa za su ji.

"Baba, godiya na zo yi. Lokacin da nake takaba Malam Ɗanlami ya kawo mini ƙasa buhu goma sha biyu. Na yi amfani da tara, uku sun rage, ko kwance su ban yi ba, ga ɗaurinsa nan. Ni yanzu ba ni da abin shukawa. Na ce gara in dawo mashi da abinsa ya amfana, kuma ba a mayar wa mutum buhu fanko."

Baba Audu ya ce madalla, haka ake zumunci. Na juya na ce wa direban ya sauke ya juye a kan tsibin can. Direban ya saɓo buhu ɗaya, ya hau gefen tsibin, ya fara warware jar wayar.

Ban taɓa sanin Ɗanlami yana da gudu ba sai ranar. Ya tsallake layin ledoji biyu, ya ture wani mai sayen dashen mangwaro, ya rungume bakin buhun a ƙirjinsa. "Kar ka zuba. Kar ka zuba a nan."

Baba Audu ya ajiye gyaɗarsa ya taso a hankali. Ya duba ɗaurin sauran buhu biyun, ya shafa wayar da yatsa. Ya ce, "Ɗanlami, wannan ba ɗaurinka ba ne?"

"Nawa ne, Baba."

"An kwance?"

Ya ƙara ƙanƙame buhun.

"To ƙasanka ne, ba ta taɓa lambunta ba. Me zai hana a zuba? Saki buhun ka juye da hannunka mu gani."

Bai saki ba. Yana tsaye a kan tsibin ƙasa, babban mutum da furfura a gemu, rungume da buhu kamar mai goyon ciki, gumi yana bin wuyansa duk da sanyin damina. Na ba shi lokaci. Na bar kowa ya ƙare masa kallo. Sannan na miƙe na faɗi abin da Maman Emeka ta gaya mini, tun daga ganyen da ya kai gwaji har takardar da aka rubuta masa, da rassan da ya aske, da takalman da ya wanke a ƙofata. Ban zage shi ba, ban ɗaga hannu ba. Mai sayen mangwaron nan ya mayar da dashen da ya ɗauka ya shiga motarsa. Baba Audu ya ce da direban ya mayar da buhunan mota, ya ce shi zai biya a kai su a binne, Ɗanlami kuma shi zai haƙa ramin. Na ji daɗi a ranar, daɗin da ban ji irinsa ba tun rasuwar Malam, kuma har yau ban ji kunyar jin sa ba.

Kafin kaka masu lambun layin sun tashe shi daga cikinsu. Ya gwada wani wuri wajen Hanwa, labari ya riga shi isa. Ƙarshe gadi ya koma yi a wani gidan mai. Ni kuwa na sake farawa da rassa goma sha ɗaya daga ta bakin rijiya. Maman Emeka ta koya mini in gasa ƙasa a rabin duro a kan wuta kafin in cika leda, har yau haka nake yi, maƙwabta sun saba da ƙaurin. Sai da na yi shekara uku kafin mai fulawar Sabon Gari ta sake sayen dashena, ita ce ma ta fara kirana Asabe mai ɓaure. Yanzu jikata takan ɗauki hoton ganye da waya ta gaya mini sunan ciwonsa kafin in gama gyara tabarau. Itatuwa shida da Malam ya shuka da hannunsa dai babu wayar da za ta dawo da su.

Duk wannan na tuna ina tsaye da kwanon Hajara. Na juye dabinon da goron a faranti, don ita ba ta yi mini komai ba, kuma ba a mayar da kyauta. Na ɗauraye kwanon na zagaya bakin rijiya. Cikin markar nan ɓaure ba ya nuna da yawa, amma na samu guda bakwai da suka yi taushi har sun fara tsagewa. Na jera su a ciki na rufe da faifan, na kawo mata.

Ta buɗe ta duba, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Yaya Asabe, in ce mashi kin yafe ke nan?"

Na ce, "Ki ce masa na bakin rijiya ne, wadda ƙasarsa ba ta kai gare ta ba. Ki ɓare masa ya ci duka bakwai ɗin, ya ji zaƙinsu da kyau."

"Maganan gafaran fa?"

"Ki ce ya fara roƙon amininsa, tunda ya kusa zuwa inda yake. In shi ya yafe, sai a zo a tambaye ni."

Na raka ta har zaure, daidai inda buhunan suka taɓa zama, na riƙe mata lema ta gyara mayafi. Da ta fita na koma bayan kicin na ci gaba da juya ganye daga inda na tsaya.